Naɗin Hannu Kafin Wasa

Zakaran damben ajin masu nauyi yana ɗakin shiri, yana jiran mai horar da shi ya naɗe masa hannu. Sai 'yar mai horarwar ta shigo.

"Baba ba zai zo ba. Ya ce dambe ya cinye masa ɗa, ba zai ba ka 'ya ba."

Ya kalli yarinyar da yake son aura. "To, in fasa wasan?"

"Ƙato da kai! Wa ya ce ka fasa?"

Ta ɗauki bandeji ta ratsa tsakanin yatsunsa, yadda ta saba yi wa marigayi yayanta da ya rasu a dambe. Naɗin ya kamu.

"Dunƙule in gani. Ka gama wasan ka sauko da ƙafarka, mu je gaban Baba tare."