Kabejin Umma

"Ba irin na Umma ba ne," in ji Auta, ta ture farantin.

Tun da mahaifiyarta ta rasu yarinyar ta daina cin abin kirki, duk ta zama ƙashi da rai. Abu ɗaya take roƙo: naɗaɗɗen kabejin Umma.

Abba, mahaifinta, ya koma kicin. Ya turara ganyen ya yi laushi, ya fere jijiyar, ya zuba niƙaƙƙen nama da shinkafa, ya naɗe tsaf, ya jera a tukunya, ya ɗora a wuta. Shekara da shekaru yana cin girkin nan a hannun matarsa, ya san bai kuskure ɗanɗanon ba. To me ya rage?

Ya zauna a kujerar marigayiyar, ya haɗa kai da gwiwa. Bai ankara ba sai da ƙauri ya cika gidan.

"Innalillahi! Na ƙona!"

Sai ga Auta da gudu. "Umma ce ta dawo?"

Shi kaɗai ta gani. Ta leƙa tukunyar, sannan ta ɗauki cokali, ta ture na sama gefe, ta kankaro ƙanzon ƙasa, ta hau ci hannu baka hannu ƙwarya.

"Auta, ajiye, ya ƙone!"

"Ai haka yake, Abba. Kullum sai ya kama mata." Ta lashe cokalin. "Na saman take zuba maka. Ni da ita mu ci na ƙasan."