Tara Bisa Goma

Kulsum ta cusa littafin a ƙarƙashin hijabi, ta tare ɗan kabu-kabu a ƙofar gida, ta ce ya kai ta sakandaren 'yan mata, kuma ya yi sauri. Ranar kasuwar Bukkuyum ce, amma ta bar geron furarta a turmi. Yau sai an maido mata da makinta ɗaya.

Abin ya faro ne wata huɗu da suka wuce, ranar da 'yarta Amira, 'yar aji biyar, ta dawo gida da tsumma ɗaure a hannun dama, ta ce ƙofar aji ce ta datse mata yatsu. Ga aikin gida na Malama Mansura, ga hannu ba ya riƙe biro.

"Inna, ke za ki rubuta mini."

"Ni? Ni da ko katin asibiti sai an karanta mini?"

Amira ta buɗe wata manhaja ta kyauta a wayar gidan, irin mai ƙirƙirarriyar basirar nan. A ɗauki hoton tambaya, a danna a yi magana, ita kuma ta amsa da murya, ta jero haruffa manya-manya. Aikin Kulsum kawai ta kalla ta kwafa.

Tambayar farko, sunayen abubuwa biyar da ake sayarwa a kasuwa. Kulsum ta yi mamakin yadda ake ba gandama-gandaman 'yan mata irin wannan aiki, Amira ta ce Malama ce ke son su koma tushe. Daga la'asar har rana ta yi ja tana fama da gero, dawa, wake, barkono da gishiri. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali.

Washegari littafin ya dawo da jan biro: goma bisa goma, da "Madalla" a ƙasa. Kulsum ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse.

Hannun Amira ya warke da wuri, don kwana uku tsakani aka gan ta tana daka. Amma da ta miƙa hannu za ta karɓi littafin, sai Kulsum ta zauna a kansa.

"Ke ji da sauran karatunki. Wanga nawa ne."

Daga nan gidan ya canza. Tuwo ya ƙone sau biyu, maigidanta Makau ya ci hakanan. Takan tambayi wayar abu ɗaya sau goma, wayar ba ta taɓa yin tsaki ba. Ranar da ta gane bambancin k da ƙ, sai da ta leƙa katanga ta faɗa wa maƙwabta. Can gaba ta daina kwafa: sai ta rubuta nata tukuna, sannan ta nuna wa wayar ta duba. Ta karanta buhun taki, ta karanta kwalin ashana, ta karanta bayan rigar Makau yana cikin alwala. Wani lokaci zuciyarta kan ce mata wannan fa ha'inci ne, ana yaudarar Malama, baiwar Allah. Sai ta yi istigfari sau uku, ta sake buɗe littafin.

Sai shekaranjiya aka ba da aikin rubuta wasiƙa. Ta rubuta wa ƙanwarta da ke aure a Gummi shafi guda cur, ba ta nemi taimakon wayar ba ko sau ɗaya. Jiya littafi ya dawo da tara bisa goma. An zagaye "hura" da ja, an rubuta "fura" a sama.

Ta kai ƙara wurin waya. Wayar ta ce a littattafan makaranta fura ake rubutawa, amma a yankinsu hura ake cewa, kuma ba kuskuren magana ba ne. Shi ke nan, ta samu shaida. Amira ta yi ta roƙo, ido ya raina fata: "Inna, don Allah ki bari, maki ɗaya ne fa." Kulsum ta jira safiya yarinyar ta tafi.

A makarantar ba ta tambayi kowa hanya ba. Ta bi allunan da ke kan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya har ta ga mai cewa Ofishin Malamai. Ta yi sallama, ta nemi Malama Mansura. Wata siririya mai tabarau ta miƙe ta gaishe ta da ladabi.

"Ni ce uwar Amira," in ji Kulsum, ta baje littafin a tebur. "Malama, shekara ashirin ina dama hura, yau za a ce ban iya sunanta ba? Ki saurara ki ji abin da na rubuta!"

Sai da maganar ta fita ta gane ta tona asirin kanta. Amma ta riga ta ɗora yatsa a kan layi, don haka ta karanta wasiƙar tun daga gaisuwa har sa hannu. Malaman ofishin duk suka ajiye abin da suke yi.

Malama Mansura ta ɗauki littafin, ta bi shi shafi-shafi tun daga farko, tana murmushi.

"Inna, ni lissafi nake koyarwa. Ban taɓa ganin littafin nan ba sai yau."

"To, wa ke ba ni goma-goman nan?"

Malama ta cire tabarau ta share ido da gefen mayafi.

"Wannan jan rubutun ko a mafarki na gan shi zan gane shi, Inna. Na Amira ne."