Inda Keken Ɗinki Ya Tsaya

Sai da yarinyar ta saurari hirar karo na uku ta lura da keken ɗinkin.

Malamar tarihi ce ta sa kowa ya yi hira da wani dattijo kan shekarar da ambaliya ta cinye gadar unguwa. Yarinyar ba ta je da nisa ba, tunda ga kakanta Baba Tsoho a falo, mutumin da ba ya jiran tambaya. Ta ajiye waya a gabansa tana naɗar muryarsa, ya yi ta zuba. A bayan muryarsa ana jin ƙarar keken ɗinkin matarsa Kaka daga ɗaki.

"Ni na fara faɗawa cikin ruwan," in ji shi. Keken ya tsaya cik. Da ya koma zancen sabuwar gada, keken ya ci gaba.

"Mutum uku na fito da su a kafaɗar nan." Keken ya sake tsayawa.

Malama ta sha gaya musu cewa mai hira na ƙwarai har shiru yake saurara. Yarinyar ta ɗauki wayar, ta wuce Baba Tsoho yana gyaran murya, ta ɗora ta kan keken.

"Kaka, ranar ambaliya kina ina?"

Kaka ta yanke zare da haƙori, ta murza kafaɗarta ta hagu.

"Cikin ruwa mana. Biyun yara ne, ba su da wani nauyi. Na ukun ne ya bar min ciwon nan, kuma ga shi can a falo, har yau ban sauke shi ba."