Mafaraucin Cikin Gilashi

Da gyare ya yi tsalle ya dira kusa da tukunyar kofi, sai matar ta ajiye cokali.

"Maigida, in ba a kama wannan ba, yau ƙadangarenka zai koma kantin da ka sayo shi, ko da dusar ƙanƙara ta toshe hanya."

Mijin ya sha shafe bakin robar da yake ajiye gyaren da ƙadangaren ke ci da basilin don kada su hauro, ya rufe da raga, amma kullum sai ɗaya ya shige bututun ɗumama gida yana rera mata waƙa.

"Haba gimbiya, ai da mafarauci a gidan nan. Kakanninsa a hamada suka yi suna."

Ya ɗauko ƙadangarensa, Mai Gemu, daga akwatin gilashi, ya ajiye shi gaban gyaren. Ƙadangaren, da tun yana ƙarami da hantsaki ake ba shi abinci, ya lumshe ido, ya hangame baki yana jira. Gyaren ya haye kansa ya zauna.

Ta dubi ƙadangaren, ta dubi mijin da ya miƙo mata kofin wofi.

"Bar shi," in ji ta. "Ba a korar ɗa don ya gado ubansa."