Mai Tsayar da Jirgin Tarrow

Karo na goma sha ɗaya ke nan a bana da aka tsayar da jirgin Tarrow tun bai bar tasha ba. Direbansa, Vernon Kowalik, ya sauko yana huci. Fasinjoji kuwa suka juya wajen bas ɗin da aka tanada, ba wanda ya ƙara ɓata bakinsa da tambaya.

Layin ba wani tsawo gare shi ba. Mil huɗu ne, tarago biyu, daga Tarrow zuwa mahaɗar da ake kama babban jirgin birni. Shekara ashirin da tara Vernon yana kai da kawowa a kansa, har yakan ce ko ido rufe zai tuƙa shi.

Matsalar wani mutum ne da ba a san ko wane ne ba. Sai ya buga wa hukumar jirgin waya da sassafe, murya a shaƙe, ya ce ya ga tsaga a ƙarfen dogo wajen gada. Doka kuma ba ta da sassauci: muddin an ambaci tsaga, jirgi ba ya motsi sai ma'aikatan gyara sun bi layin da ƙafa. Su wuni suna dubawa, su tashi ba su ga komai ba.

"Ɗan banzan nan ya iya zaɓen rana," in ji Curtis kwandasta. "Ba ya kira sai ana hazo ko dusar ƙanƙara, don 'yan gyara su ci kwakwa."

"Yaron masu bas ne," in ji Vernon. "Ranar da na kama shi, sai 'yan sanda sun raba mu."

"Kai da jiya ka wuce dandamali da rabin tarago? Fara kama birki tukuna, tsoho."

"Birkin ne ya tsufa, ba ni ba."

A gida matarsa Dolores ce ta karanta masa labarin, tunda jaridun yanzu sun mai da rubutunsu mitsi-mitsi don rowar takarda. Hukuma ta gaji. In aka sake samun tsaiko ko guda kafin taron ƙarshen wata, za a rufe layin a bar wa bas hanya. Vernon yana zuba gahawa, rabi ta tafi a kan tebur. Dolores ta goge. Tsoro ne ya kama shi ƙarara, don shi bai san wani Vernon ba in ba na cikin jirgin nan ba.

Aka yi kwana tara gari garau, waya shiru. Ran na goma hazo ya taso daga kogi ya rufe garin. Dolores, wadda kullum ita ke kai shi tasha a mota, ta ce kanta na ciwo. Ya kama hanya a ƙafa yana bin gefen shinge. Sai da ya kai kwana ya tuna ya bar abincin ranarsa, ya juyo, ya shiga ta ƙofar baya.

A nan ya ji muryar. Ya san ta sarai, sau nawa aka kunna masa ita a ofis. Daga ɗakin girkinsa take fitowa, tana cewa an ga tsaga wajen gada. Ya banka ƙofa yana shirin shaƙe wani ƙato. Mutum ɗaya ne tsaye a jikin taga, ya naɗe waya da tsumman goge kwano.

"Dolores," ya ce. "Kin kashe layin. Me na yi miki?"

Ba ta musa ba. Ta ajiye wayar a hankali.

"Yara arba'in ke tsallaka dogon nan kowace safiya, Vernon." Ta ɗaga hannu, taku uku ne tsakaninsu. "Faɗa min yatsu nawa na ɗaga, yanzu in kira su in ce ƙarya nake."

Vernon ya ƙura ido, ya sake ƙurawa, amma ko hannun bai gani ba.