Jarkar Baban Yara

Likita ya ajiye sakamakon gwajin, ya dubi mijina.

"Malam, a fitsarin da ka tara mana na yini da kwana, sinadarin da 'yar tsokar saman ƙoda ke fitarwa ya yi yawa ƙwarai. Muna zargin ƙari ne. Sai an ɗauki hoto."

Baban yara ya kama hannuna. "In ta Allah ta kasance, ki riƙe min yaran nan."

Na gyaɗa kai. Ba abin da nake ji sai ƙarar fanka.

Ranar da yake tara fitsarin a jarka, ina wanke banɗaki na ture jarkar, ta kife kaf. Na ji tsoron faɗansa, ban gaya masa ba.

Da nawa fitsarin na cika ta.