Kalmar da Uwale Ta Zo Nema

Saura kwana uku Mushe Amani, wato Malam Amani, mai koyar da Ingilishi a kolejin Dakoro, ya tashi zuwa Bilma inda aka mayar da shi, sai ga tsohuwa Uwale daga Azagor da cuku ƙulle a zane. Ta zauna ta ba shi gefe, ta dubi matarsa Balkisu, ta ce a tambayar mata mai gidan nan: kalmar da yake rubuta wa yara da jan alƙalamin bik a kaye, littafin rubutunsu, wadda suke tsalle in sun gani, mece ce?

Good ce. Mushe ya ajiye ɗaurin kaya ya hau bayani, don shi in aka taɓo Ingilishi ko abinci mantawa yake yi. Ya ce ana faɗinta ga tuwo in ya yi daɗi, ga saniya mai nono, ga hanyar da ba ramuka. Da ita ake gaisuwar safe. Ɗan kasuwa ma in ciniki ya faɗa, ita ce a bakinsa.

Uwale ta tambayi Balkisu ko ana faɗa wa mutum. Ya ce ana faɗa. Ido da ido? Ya ce Turawa ba ruwansu.

"To, babu kunya cikinta ke nan," in ji ta, tana duban bango. "Akwai wanda nika so in hwaɗa ma, kuma lokaci ya ƙure."

Mushe ya ɗauka wani ne cikin ƴan Najeriya masu sayen cukunta. Kwana biyu tana bita a bayan ɗaki, harshe yana ƙin juyawa, Balkisu na gyara mata tana danne dariya.

Ranar tafiya aka cika tasha. Kowa ya kira sunansa, ya yi masa addu'a. Uwale ta tsaya nesa har direba ya tada mota. Sannan ta matso kusa da taga, idonta a kan taya.

"Gud," ta ce, ta juya.

Har motar ta wuce Kornaka Mushe kuka yake yi, fasinjoji suna ba shi haƙuri ba su san na mene ne ba. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana baki da baki ba, domin shi ne ɗanta na fari.